Dankalina Na Ruɓewa Daga Kara, Akwai Irin Da Ba Ya Kamuwa?

Tambaya: Salam Malam. Ina sayar da kayan gwari a Mile 12, kuma na ɗan kama gona wajen Ikorodu na sa dankalin Hausa. Ganyen sai ya yi ɗorawa ya yanƙwane, in na tsaga karan sai in ga cikinsa ya yi baƙi-baƙi. Na yi feshi a banza. Wai da gaske akwai irin da ciwon ba ya kamawa, kuma ba GMO ba ne, wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Alamun da ka faɗa sun yi kama da aikin Fusarium, wani fungas ne dangin funfuna da ke zaune a ƙasa shekara da shekaru, yana shiga ta saiwa ko ta inda aka yanki yaɗo, ya toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama, shi ya sa shukar ke yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Feshin kan ganye ba zai kai gare shi ba, don Allah ka daina zuba kuɗinka a nan.

Iri mai juriya kam akwai, kuma ba GMO ba ne, aure ne kawai ake haɗawa tsakanin dankali da dankali. Manoman Amurka sun sha wuyar ciwon nan sosai, har aka kawo wani dankali daga tsibirin Tinian da ke tekun Pasifik a shekarun 1940 wanda ke jurewa, aka riƙa ɗaukar garin furensa ana sa wa nasu. Kowace ƙwayar iri da ta fito daban take da 'yar uwarta, to sai a shuka dubbai, a yanki yaɗonsu a tsoma cikin ruwan da aka cika da fungas ɗin da gangan, a dasa, bayan 'yan makonni wanda ya mutu ya tafi, wanda ya tsaya a kai shi gona a gwada a wurare daban-daban. A nan aikin yake cin shekaru, domin juriya kaɗai ba ta isa ba, in ba gari ba zaƙi kai kanka ka san ba mai tayawa a kasuwa. Ga shi dankali kromozom 90 gare shi, wato zaren da ke ɗauke da halayen gado a cikin ƙwayar halitta, gadon halinsa ba ya bin layi ɗaya.

A Najeriya cibiyar binciken amfanin gona mai saiwa, wato NRCRI, ta Umudike a jihar Abiya ce ke da alhakin fitar da irin dankali, rogo da doya. Ka tambayi malamin gona na yankinku wanne ne aka gwada kan wannan ciwon, kar ka yarda da bakin dillali kawai.

Amma mai juriya ma yana iya taɓuwa in ƙasar ta cika da cutar. Don haka ka tuge waɗanda suka kamu ka ƙone, kar ka ɗebi iri daga gonar nan, in za ka yanki yaɗo a gona mai lafiya ka ɗauki na sama wanda bai taɓa ƙasa ba, wannan filin kuma ka sa masa masara na 'yan shekaru tukuna.