An tsare ƙanena a Kanada, shin zai samu bakin magana?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa jami'an kan iyaka na Kanada sun tsare ƙanenta bayan an ƙi ba shi mafaka, wai suna tsoron ya ɓuya kafin a mayar da shi. Tana tambaya ko akwai inda za a saurare shi.

'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Akwai. Wannan tsarewa ba hukuncin laifi ba ce, an yi ta ne a kan abin da ake zargin zai aikata nan gaba. Shi ya sa doka ta wajabta wa hukumar IRB, mai sauraron shari'o'in shige da fice da na 'yan gudun hijira a Kanada, ta zauna a kai cikin awa 48, ta sake zama cikin kwana 7, daga nan kuma duk kwana 30. Kanada ba ta ƙayyade iyakar tsarewar ba, don haka zaman nan ne ƙofarsa.

Kada ya ɗauka zaman je-ka-na-yi-ka ne. Gwamnati ce za ta kawo hujjar ci gaba da riƙe shi, kuma dole ta nuna masa takardun da ta dogara da su. Yana da haƙƙin lauya da tafinta. Ko Turancinsa ya kai na kasuwa, ya nemi tafintan Hausa. Kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba takan zauna a fayil.

Inda mutanenmu ke yin sake shi ne zaman farko. Kunya ko tsoro ya sa mutum ya yi shiru, a rubuta "mai iya gudu ne". To, mai yanke hukunci na gaba ba ya saɓa wa na baya sai da dalili bayyananne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan an faɗi abin da ba haka ba, ya gyara nan take.

Naki aikin shi ne nemo mai tsaya masa, ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin, da adireshin da zai zauna, da shaidar duk kiran da ya amsa a baya. Roƙo kawai ba ya sakin mutum a wurin nan.

In an ƙi, yana da kwana 15 ya nemi Kotun Tarayya ta duba hukuncin. In kuma tsarewar ta yi tsawo ba ranar ƙarewa, tun 2019 Kotun Ƙoli, a shari'ar Chhina, ta ba da damar kai ƙara babbar kotun lardi. Ki tuntuɓi ofishin tallafin shari'a na lardin da yake, yau ɗin nan.