Tambaya da Amsa: A Ina Zan Sami Taron Masu Ƙoƙarin Barin Giya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kaduna, shekaruna 41, kuma na kwashe fiye da shekara goma ina shan giya a ɓoye. Sau biyu ina tuba in daina, amma ban taɓa wuce wata biyu ba. Na ji cewa a ƙasashen waje masu irin matsalata suna taruwa suna taimakon juna. Shin akwai irin wannan a wajenmu? Ina tsoron asirina ya tonu, kuma ina tsoron shiga abin da ya saɓa wa addinina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka. Kafin mu kai ga maganar taro, akwai abin da ya fi shi gaggawa. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda ba tare da kulawar likita ba, jikinsa na iya shiga karkarwa, zufa, rashin barci da jijjiga irin ta farfaɗiya, wani ma bayan kwana biyu zuwa uku ya ruɗe yana ganin abin da babu, kuma wannan hali yana iya kisa. Saboda haka fara zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, nan cikin garinku, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Masu karatu na wasu jihohi suna da irinsa a Kware da Maiduguri, da kuma Dawanau a Kano. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma sirrinka amana ne a wuyan likita.

Taron da ka ji labarinsa na ƙungiyar Alcoholics Anonymous ne, wadda ake taƙaitawa da AA. Mutum biyu da giya ta wahalar, Bill Wilson da likita Bob Smith, su suka kafa ta a garin Akron na Amurka a 1935, bayan sun lura cewa mashayi ya fi iya riƙe kansa idan yana magana da wanda ya sha irin wuyar da ya sha. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato mutum ya kasance yana son dainawa. Ba a biyan kuɗin rajista, ba a tambayar sunan mahaifi, kuma sabon zuwa yana iya zama ya saurara kawai. Daga baya yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa ya zama majinginarsa, wanda zai kira a waya ko da tsakar dare ne idan sha'awar ta taso. A ganina wannan shi ne mafi amfani a tsarin, domin lokacin da ka koma sha a karo biyun nan, da wuya a ce akwai wanda ya san halin da kake ciki balle ya riƙe hannunka.

A Najeriya an fi samun waɗannan tarurruka a Legas da Abuja, kuma da Turanci ake yin su. Amma ana yin ɗaruruwansu ta Zoom dare da rana, kana iya shiga da wayarka ka kashe kyamara, kuma jadawalinsu yana shafin ƙungiyar na intanet. Ka kuma tambayi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin ko suna haɗa waɗanda suka sallama zama na rukuni, sannan hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA tana da layin shawara na kyauta, 0800 1020 3040. Idan duk ba a dace ba, mutum biyu ko uku masu niyya ɗaya da suka tsayar da rana a kowane mako sun isa su fara nasu. Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne gidajen mari, domin ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa.

Game da addini, AA ba ta bin wata aƙida, tana dai neman mutum ya miƙa lamarinsa ga Ubangiji yadda ya san Shi. Wasu rukunoni suna zama a ɗakin taron coci ko su rufe da addu'ar Kirista, kuma babu wanda zai tilasta maka yin ta. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu mai suna Millati Islami a Baltimore a 1989, suka ɗora matakai 12 da AA ke bi wajen barin giya a kan Alƙur'ani da Sunna. Ka tuna da hadisin Bukhari game da sahabin da aka riƙa kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Ka nemi mutum ɗaya mai riƙon amana, uwargida ko aminin da ba ya sha, ka gaya masa ranar da za ka je Barnawa domin ya raka ka.