Ku Tambaya Mu Amsa: Wace manhaja ce ta fi don aikin taswira da diron?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mai awon filaye ne a Garwa ta Kamaru, kwanan nan na sayi diron DJI na hannu, sai ga wani ɗan kwangila yana so in fitar masa da siffar 3D ta wurin da suke fasa dutse, wai ya san yawan tsakuwar da ya tara. Wasu na ce min Pix4D wasu na cewa DroneDeploy, kaina ya ɗaure. Wanne zan ɗauka?
Daga mai karatu, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin sunan manhaja fara duba intanet ɗinka. Shi DroneDeploy a intanet yake aiki, sai ka ɗora masa hotunan kaf, to hoto ɗaya na kyamara mai megafiksel 20 yakan kai mega 8, in ka ɗauki 600 kusan giga 5 kenan, ga kuɗin data ga layi na yankewa a tsakiya, sannan duk wata ka biya haya ko akwai aiki ko babu. A nan arewa ni dai ban ba ka shawarar sa ba.

Nemi wanda zai zauna cikin kwamfutarka. Pix4D na 'yan Suwizalan ne, yana da kyau amma da tsada. Agisoft Metashape sau ɗaya ake saye, sai dai akwai tarko, ƙaramin da ake kira Standard mai dala 179 ba ya karɓar alamomin da ake shimfiɗawa a ƙasa a auna su kuma ba ya lissafa yawan tsibi, wanda ke yin wannan Professional ne, shi kuwa ya haura dala 3,000. Tunda yanzu ka fara, sauke WebODM, kyauta ne kuma yana auna tsibin tsakuwa, ka dai samu kwamfuta mai RAM giga 16 ko fiye da batir mai riƙe wuta, don in aka ɗauke wuta ana cikin aiki sai haƙuri. RealityCapture ma, wanda aka sauya wa suna zuwa RealityScan a 2025, ya zama kyauta ga ƙananan masu sana'a tun 2024, gwani ne wajen gini da bango, amma yana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA.

Amma fa gaskiya yawancin 3D da ke lalacewa ba laifin manhaja ba ne, daga ɗaukar hoto ne. Manhajar tana neman abu ɗaya ne a cikin hotuna da yawa ta gano tsayinsa, saboda haka kowane hoto ya hau kan na bayansa da kashi 80, layi da layi kuma kashi 70. In kyamara ƙasa kawai take kallo, gefen dutsen zai fito kamar man shanu ya narke a rana, dole ka sake zagaye na biyu ka karkata ta wajen digiri 45, ka gitta layukan. Tashi lokacin da inuwa ta gajarta, ranar da hazon hunturu ya yi kauri kuwa ka bar shi a jaka, haka zafin Maris da Afrilu kar ka bar batura a mota. Ruwa da kwanon rufi mai ƙyalli ba sa fitowa da kyau, in ramin ya tara ruwa ka gaya wa mai aikin tun da wuri.

Abin da mutanenmu ke tsallakewa shi ne alamomin ƙasa. GPS na diron in ba RTK ba ne, wato mai gyara awo ya zama daidai sosai, yana iya kuskuren mitoci, musamman a tsayi, kuma ɗan kwangilar nan da lissafinka zai yi ciniki. Shimfiɗa alama aƙalla 5, kusurwa huɗu da tsakiya, ka auna su da na'urarka ta awo, ka ware wasu biyu ko uku da ba za ka ba manhajar ba don ka gwada ta da su daga baya.

Sai izini. Hukumar CCAA ce ke kula da sararin saman Kamaru, kuma Garwa akwai filin jirgi da sansanin sojan sama, ga halin tsaro na yankinmu. Nemi takarda, ka kuma sanar da hukumomin wurin da jandarmomi kafin ka tayar da shi.