Sabar Imel Ta Tsaya Bayan Sabunta Manhaja: Amsa ga Mai Koyon Aiki

Ɗana, na karanta saƙonka. Ka ce ka ɗaga sabar imel daga tsarin aiki na Debian 12 zuwa Debian 13, aikin ya yanke a tsakiya, Dovecot, manhajar da take ajiye wasiƙu a akwatuna tana ba masu su damar karantawa, ya ƙi tashi, shi kuwa Postfix, manhajar karɓa da aika wasiƙu, yana ta karɓar wasiƙu suna taruwa a layi, masu akwatuna kuma sun dame ka da kira. Tambayarka ita ce ko ka mayar da hoton faifan (snapshot, wato cikakken kwafin faifan sabar) da ka ɗauka kafin ka fara, ko kuwa ka goge Dovecot ka sake girka shi. Kada ka yi ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin akwai abin da ya riga su, wato kare wasiƙun mutane.

Ka fara sanin cewa sabar da take a kashe ba ta ɓatar da wasiƙa. Ƙa'idar SMTP, wadda sabobin imel suke bi wajen miƙa wa juna wasiƙu, kamar yadda take a rubuce a kundin RFC 5321, ta tanadi cewa idan sabar mai aikowa ta tarar da ƙofarka a rufe, ko ka ba ta amsa mai farawa da lamba 4, za ta riƙe wasiƙar ta riƙa sake gwadawa, kuma an so ta yi haƙuri na aƙalla kwana 4 zuwa 5 kafin ta mayar wa mai ita. Postfix ma kwana 5 yake riƙe wasiƙa a layinsa idan ba a sauya masa saiti ba. Amsar da take farawa da lamba 5 kuwa hukunci ne na ƙarshe, ba a sake gwadawa bayanta. Saboda haka abin tsoro a halin da kake ciki shi ne sabar da ta tashi da rabin lafiya. Idan ka yi gaggawar tayar da Dovecot alhali bai san inda jerin masu akwatuna yake ba, zai amsa wa Postfix da 550, wato babu mai wannan adireshi, cikin ɗan lokaci kuma duk abin da ya taru a layi zai koma ga masu aikowa da sanarwar cewa adireshin ba ya nan. Wannan ɓarnar ba ta gyaruwa daga wajenka.

Don haka ka rufe ƙofa ta 25, wadda wasiƙu daga wasu sabobi suke shigowa ta cikinta, a katangar tsaro (firewall), ka ba da umarnin postsuper -h ALL domin a tsare duk wasiƙun da ke layi kada ko ɗaya ta motsa, sannan ka sa soft_bounce = yes a cikin main.cf, babban fayil ɗin saitin Postfix, saitin da yake sa Postfix ya ɗauki kowace amsa ta 5 a matsayin ta 4. Bayan haka ka tsayar da Postfix ɗin gaba ɗaya. Ka aika wa masu akwatuna sanarwa ta wata hanya cewa wasiƙunsu suna nan, jinkiri ne kawai. Wannan zai rage maka kira, hankalinka kuma ya dawo kan aiki.

Kafin ka taɓa wani abu kuma, ka kwafe abubuwa uku zuwa wani faifai na dabam: babban fayil ɗin da akwatunan wasiƙu suke ciki, da /var/spool/postfix inda layi yake, da /etc baki ɗaya, inda fayilolin saiti suke. Idan jerin masu akwatuna yana cikin rumbun bayanai irin su MariaDB ko PostgreSQL, ka fitar da kwafinsa shi ma. Ka yi amfani da rsync -a domin mallakar fayiloli da lokutansu su tafi yadda suke.

A nan ne matsalar hoton faifai take. Hoton yana ɗauke da sabar yadda take a daidai lokacin da ka ɗauke shi, amma tun daga lokacin Postfix ya karɓi wasiƙu, kuma duk wadda ya amsa mata da 250 ta zama amana a wuyanka, domin sabar da ta aiko ta riga ta cire ta daga layinta. Idan ka mayar da hoton ba tare da ka kwashe waɗannan ba, sun tafi ke nan, mai aikowa yana zaton ta isa, wanda aka aiko wa kuma bai san an aiko ba. A ganina wannan ita ce asara mafi muni a sana'armu, domin ba mai kawo ƙara a kanta sai bayan ta yi illa.

Idan kwafin ya kammala, sai ka koma kan sabuntawar da ta yanke. Ka duba faifai da df -h da kuma df -i, domin cikar /boot ko /var tana daga cikin abubuwan da suka fi yanke irin wannan aiki, kuma sabar imel mai ajiye kowace wasiƙa a fayil ɗinta tana iya cinye adadin fayilolin da faifai zai ɗauka alhali wuri bai ƙare ba. Ka karanta /var/log/apt/term.log ka nemo kuskuren farko, domin na ƙarshe yawanci ɗan na farko ne. Daga nan ka ba da dpkg --configure -a, ka bi shi da apt --fix-broken install. Kada ka sake kunna na'urar kafin waɗannan su wuce lafiya, domin na'urar da aka bari da rabin sababbin manhajoji tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Game da Dovecot kuwa, ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau, saitinka ne ba ya ganewa. Debian 12 yana zuwa da siga ta 2.3, Debian 13 da ya fito a watan Agustan 2025 kuma yana zuwa da 2.4, wadda aka sauya wa tsarin rubuta saiti ta yadda ba ta karanta tsohon fayil. Dole ne sabon fayil ya fara da dovecot_config_version, a kuma sa dovecot_storage_version. An raba mail_location zuwa mail_driver da mail_path, ssl_cert ya koma ssl_server_cert_file, yadda ake rubuta passdb da userdb, wato sassan da suke nuna inda kalmomin sirri da jerin masu akwatuna suke, shi ma ya sauya. Shi ya sa gogewa da sake girkawa ba za su amfane ka ba: ko dai ka tarar da tsohon saitin yana nan da matsalarsa, ko kuma ka share shi ka rasa abin da za ka duba. Ka ba da doveconf -n, zai nuna maka layin da ya tsaya a kai, journalctl -u dovecot kuma zai ƙara maka bayani. Shawarata ita ce ka ɗauki sabon fayil ɗin da ya zo da manhajar ka riƙa shigar da bukatunka ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana buɗe a gefe kana dubawa. Wannan ya fi bin tsohon kana yi masa faci layi-layi.

Idan saitinka mai sauƙi ne, ka ci gaba ka kammala a kan 2.4. Idan kuwa yana da sarƙaƙiya, da matatun Sieve da ƙayyade girman akwati da akwatunan tarayya, kuma ka ga aikin zai wuce yini, to komawa baya ba abin kunya ba ne, sai dai a yi shi bisa tsari. Debian bai goyi bayan saukar da manhaja zuwa tsohuwar siga ba, saboda haka hoton faifan ne hanyarka. Ka tayar da shi ƙofa ta 25 tana rufe, ka dawo da akwatuna da layi daga kwafin da ka yi yau, sannan ka ba da postsuper -s kafin ka kunna Postfix, domin sunayen fayilolin layi suna da alaƙa da matsayinsu a faifai, wannan umarnin ne yake daidaita su bayan an kwafo su. Sabuntawar kuma sai ka gwada ta a wata na'ura ta gwaji kafin ka sake kusantar wannan.

Akwai fayil ɗaya da nake so ka kiyaye ko wace hanya ka bi, shi ne dovecot-uidlist da ke cikin kowane akwati na Maildir, wato tsarin da yake ajiye kowace wasiƙa a fayil ɗinta. Fayilolin dovecot.index suna iya lalacewa a sake gina su, doveadm force-resync yana yin wannan. Amma uidlist shi ne yake riƙe lambar kowace wasiƙa, idan ya ɓace sai manhajojin mutane su ɗauka akwatin sabo ne su sake sauke komai, masu amfani da POP3 kuma, wato hanyar sauke wasiƙu daga akwati zuwa na'urar mutum, suna iya ganin tsofaffin wasiƙu sun sake shigowa bibbiyu.

Buɗewa ma a hankali ake yin ta. Ka gwada doveadm user da adireshi ɗaya ka tabbatar hanyar da ya nuna ita ce ainihin inda akwatin yake, domin mail_path da aka rubuta ba daidai ba yana sa Dovecot ya ƙirƙiri sabon akwati fanko, mutum ya shiga ya ga kamar an share masa komai. Ka gwada doveadm auth test, ka shiga akwati ta ƙofa ta 993 da ake karanta wasiƙu ta cikinta, ka kunna Postfix ka aika wasiƙa ta ƙofa ta 587 da masu akwatuna suke aikawa ta cikinta. Ka ba da postfix check, ka sake yin postmap a kan teburorinka tare da newaliases domin a sake gina teburorin da Postfix yake dubawa, ka tabbatar manhajar sa hannun DKIM, mai tabbatar da cewa wasiƙa daga wajenka ta fito, da matatar wasiƙun banza sun tashi. Sa'an nan ka saki wasiƙa guda ɗaya tak da postsuper -H da lambarta, ka bi ta a rajista har ka ga status=sent, ka kuma buɗe akwatin ka gan ta da idonka. Sai ta isa za ka saki sauran. Da ka buɗe ƙofa ta 25, ka gwada daga wata na'ura ta waje ko sabar za ta yarda ta kai wasiƙa zuwa yankin adireshi (domain) da ba naka ba. Dole ne ta ƙi, in ba haka ba masu aika wasiƙun banza za su same ta, adireshinka ya shiga jerin waɗanda ake toshewa.

Idan layi ya ragu kuma rajista ta yi tsabta na wasu sa'o'i, ka cire soft_bounce, domin muddin yana nan wanda ya yi kuskuren rubuta adireshi ba zai sami labari ba sai bayan kwanaki. Kafin ka kai can, ka turo mini abin da doveconf -n ya fitar da kuskuren farko na term.log, bayan ka cire duk kalmar sirri da ke ciki, mu duba passdb da userdb tare kafin ka saki wasiƙar farko.