Tambaya da Amsa: Wane ne ya kafa Celtel, kuma ta ina ya faro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Dembe nan Njamena, ina gyaran waya ina kuma sayar da kuɗin kira. Gardama ce ta kaure tsakanina da abokina. Mahaifina ya ce layin Airtel ɗin nan asalinsa na wani ɗan Sudan ne, abokina ya ce sam, na Indiyawa ne. Wa ke da gaskiya? Sannan na samu gurbin karatun lantarki, amma abokai sun dame ni cewa ɓata lokaci ne, wai manyan masu kamfanonin fasaha duk barin makaranta suka yi. Daga ɗanka mai gyaran waya, Njamena.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mahaifinka da abokinka kowa ya kama gefe guda na gaskiya. Layin ya fara ne da sunan Celtel, wanda Mo Ibrahim ya kafa. A 2005 ya sayar wa kamfanin MTC na Kuwait a kan dala biliyan 3.4, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Su suka mayar da sunan Zain. A 2010 Bharti Airtel na Indiya ya saye harkar. Wanda ya riƙe waya tun farkon shekarun 2000 a Chadi ya ga sunaye ukun nan a kan layi ɗaya.

Tambayarka ta biyu ita ta fi tsaya mini a rai, kuma tarihin mutumin nan ya isa amsa.

An haifi Mohammed Ibrahim a Sudan a 1946, ɗan ƙabilar Nubiya ne, mahaifinsa akawu. Iyalin suka koma Iskandariya ta Masar, can ya yi digiri a injiniyan lantarki. Ya dawo Sudan ya yi aiki a hukumar tarho, sannan a 1974 ya tafi Ingila, ya yi digiri na biyu a Bradford, ya yi digirin digirgir a Birmingham a kan sadarwar tafi-da-gidanka. Ka lura, a lokacin ba kowa ya taɓa ganin wayar salula ba, shi kuwa ya zauna yana nazarin yadda sigina ke tafiya, abin da ke tare ta da abin da ke raunana ta. Da British Telecom suka tashi kafa layinsu na Cellnet, shi suka ɗauka daraktan fasaha. Layin ya fara aiki a 1985.

Sai a 1989, yana da shekara 43, ya ajiye aikin albashi ya buɗe MSI, kamfanin da ke tsara wa masu layukan waya inda za su kafa eriya. Jarinsa na gaske abin da ke cikin kansa ne. Celtel kuwa sai a 1998, yana da shekara 52. Ka gaya wa abokanka wannan lissafin. Gaskiya ne Bill Gates da Mark Zuckerberg sun bar jami'a, amma Harvard suka bari, kuma sun daɗe suna rubuta manhaja kafin su fita. Kai da kanka ka san bambancin mai canza gilashi da batir da wanda zai ɗora mita a kan allon waya ya gano inda wuta ta tsinke. Na biyun shi ake kai wa wayar da ta gagari kowa.

Abin da ya sa nake ganin girman mutumin nan, ya shigo Afirka lokacin da manyan kamfanonin Turai ke gudunta, suna cewa talakawa ne, ba mai iya biya, ga yaƙi ga cin hanci. Shi ya san talaka zai biya, in dai an bar shi ya sayi kati daidai ƙarfinsa. Ni ganau ne. Kafin zuwan salula, in zan aika wa yayata saƙo a Marwa, wasiƙa nake rubutawa, in ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusiri, in tsaya a tasha har in samu direban da na yarda da shi. Rasuwar kawunmu sai bayan kwana uku ta iso ni, an riga an yi sadakar uku. Ranar da na fara kankare kati da farce na ji muryarta tangaram, sai da na share hawaye. Irin haka Kinshasa da Brazzaville suke, kogi kawai ya raba su kamar mu da Kusiri, amma da can kira sai ya zaga ta Turai kafin ya ƙetare ruwan. Celtel ne ya haɗa su kai tsaye.

Batun cin hanci kuma, bai tsaya ga wa'azi ba. Doka suka kafa cewa duk kuɗin da ya haura dala dubu 30, sai majalisar daraktoci ta sa hannu kafin ya fita. Manaja ya samu mafaka ke nan: in wani babba ya matsa masa, sai ya ce ba a hannuna take ba. Ya kuma ba ma'aikata hannun jari, shi ya sa da aka sayar da kamfanin da yawansu suka yi arziki.

Shawarata, ka karɓi gurbin nan. Rumfar kuma kada ka rufe ta. Ka zaunar da ƙanenka ko wani amintacce da rana, kai ka riƙa zuwa da yamma da ranakun hutu, ita za ta biya maka kuɗin rajista da na takardu. Ka gaida mahaifinka.

TAMBAYA: Malam, ɗalibaina sun tambaye ni game da kyautar Mo Ibrahim da aka ba tsohon shugaban Nijar. Mece ce ƙa'idarta? Daga wata malamar makaranta, Garwa.

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari da yara. Bayan sayar da Celtel ya kafa gidauniya a 2006 don kyautata shugabanci a Afirka. Kyautar dala miliyan 5 ce a cikin shekara goma. Ana ba shugaban da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ya yi wa jama'a aiki, ya kuma sauka da wa'adinsa ya cika. Joaquim Chissano na Mozambik ya fara samu a 2007, Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya ta samu ta 2017, Mahamadou Issoufou kuma ta 2020. In kwamitin bai ga wanda ya cancanta ba, ba ya ba kowa, kamar yadda aka yi a 2009 da 2010.