Ko akwai matashin da ya kamo ƙafar Tiger Woods a manyan gasannin golf?

Ka tambaya ko Jordan Spieth ko Rory McIlroy sun yi abin da Tiger Woods ya yi yana matashi. A ganina, ko kusa.

Manyan gasannin huɗu ne: Masters, US Open, Open ta Birtaniya da PGA. Tiger yana da shekara 21 ya ɗauki Masters a 1997, ya ba na biyu ratar bugu 12. A golf mai ƙarancin bugu ne ke cin gasa, kuma sau da yawa bugu ɗaya ko biyu ke raba gardama, ka ga 12 ba wasa ba ne. A 2000 abin ya wuce haka. A Pebble Beach ya lashe US Open da ratar 15, sannan ya tafi St Andrews ta Sikotilan ya ci Open ta Birtaniya da ratar 8, kwana huɗu ƙwallonsa bai faɗa ramin yashi ba ko sau ɗaya. PGA ce ta ba shi wuya, sai da aka yi ƙarin ramuka da Bob May. Da ya ƙara Masters a Afrilun 2001, kofunan huɗu suna hannunsa lokaci guda.

Nisan bugunsa ma sai da ya sa aka tsawaita filin Augusta, inda ake buga Masters, a 2002.

Spieth ya ci biyu a 2015, McIlroy ya tara huɗu yana shekara 25. Gwanaye ne, amma abokan karawarsu ba su taɓa shiga fili suna takarar matsayi na biyu kamar yadda na Tiger suka yi ba.