Amsa kan tarihin mallakar gidan Castle Hill

Malam, ka tambayi yadda gidan Castle Hill da ke bakin teku a garin Newport, jihar Rhode Island ta Amurka, ya koma masaukin baƙi. Wanda aka gina wa shi a wajajen 1875 shi ne Alexander Agassiz, masanin halittun teku na Jami'ar Harvard, wanda ya samu dukiyarsa daga ma'adinan tagulla a jihar Michigan, kuma a wannan gida yake zaman bazara, har ya kafa ɗakin bincikensa a harabar gidan. Bayan rasuwarsa a 1910 gidan ya ci gaba da zama a hannun iyalinsa, har sai da guguwar teku ta 1938 ta yi wa yankin mummunar ɓarna, abin da ya sa surukarsa ta sayar da shi ga wani ɗan kasuwar garin mai suna J.T. O'Connell. A ganina a nan ne tarihin ya juya, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jami'an sojan ruwa suka zauna a ciki, bayan yaƙin kuma aka buɗe shi ga baƙi masu biyan kuɗi.